Kwamfutar da Ta Rasa Tafinta

Kusan duk kwamfutar da ta shigo Zongon Kumasi ta riga ta yi wata rayuwa a wani wuri kafin ta iso gare mu. Wata ta yi shekaru a ofis a Jamus, wata a hannun ɗalibi a Ingila ko Amurka. Da suka gama da ita aka zuba ta a kwantena, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, ta hau mota zuwa shagunan Adum, daga nan ɗan Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo ya ƙirga sidinsa ya ɗauko ta. Wani lokaci har da lambar tsohon ofishinta a manne a bayanta, ko madannanta a jere irin na Jamusawa, Z a gurbin Y. Ba ma ƙyamar haka. Mutanen da kakanninsu suka sauke kayan jakuna a bayan gari ba su ne za su raina baƙo don ya sha hanya ba.

Sai dai baƙin nan namu sun shiga wani hali. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba ta zama a kan tsohon inji, domin tana neman ƙwaƙwalwa ta zamani da wani ɗan guntu na tsaro, sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da suka haura shekara goma ba su cika ba. Inji lafiyarsa lau, allonsa garau, amma an ce masa ya tsufa. Shi ya sa yaranmu da ke karatu a Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, suke yawo da filash a aljihu, suna cewa iyayensu a sauya wa kwamfuta babbar manhaja, a sa mata Linux, wadda ba a saye kuma ba a sata. Shawara ce mai kyau, ni ma na bi ta. Amma akwai wani tuntuɓe da ke jiran mutane a bakin wannan ƙofa, kuma na ji kukansa daga gida fiye da ɗaya: an gama sa sabuwar manhaja, komai ya yi tsaf, sai a nemi wayifai a rasa. Ba alamarsa a saman allo, ba sunan ko layi ɗaya, kamar kwamfutar ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Abin ya faru a gidanmu, kuma ya zo a lokacin da ba mu da sararin jira.

A ɗakin Baffana, ƙanen mahaifina, akwai wata adakar ƙarfe da kakanmu ya bari. Kakanmu ɗan goro ne, ya yi rayuwarsa tsakanin ƙauyukan dajin Asante da rumfunan da ake ɗaure huhu. A cikin adakar akwai lissafin huhunan da ya aika, da sunayen waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke bin sa, da wasiƙu masu yawa, kusan duka da ajami. Wasu takardun sun yi launin ƙasa, wasu gara ta ci gefensu. Baffa ya haura shekara tamanin, yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma ba ya rarrabe ƙananan haruffa. Amma in aka karanta masa suna, nan take zai gaya maka wane ne, ɗan wane ne, a wace unguwa ya zauna, me ya raba shi da kakanmu. Ni kuwa karatun bokona ya fi na ajami ƙarfi, hannun tsofaffi yana ba ni wuya. Wanda ya iya karanta irin wannan rubutu kamar yana shan ruwa yana Kano, ɗan babban wan mahaifina ne. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka bar ƙasar nan bayan dokar da gwamnatin Busia ta kafa a watan Nuwamba 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya tattara ya tafi. An haifi mutumin a Kumasi, amma takarda ba ta san haka ba. Ya tafi da iyalinsa, bai dawo ba har ya rasu.

To, ka ga aikin na mutum uku ne: mai ido a Kano, mai tuna baya a Kumasi, da ni mai bugawa da boko. Abin da ya haɗa mu shi ne kwamfutar nan da 'yar na'urar intanet da ke rataye a zaurenmu. Ina ɗaukar hoton takarda in aika, mu buɗe kiran bidiyo, ɗan'uwanmu ya karanta da ƙarfi, Baffa ya yi sharhi, ni in rubuta. Waya ba ta wadatar da wannan, allonta ƙarami ne kuma ba a bugun dogon rubutu da ita ana kan magana. Mako ɗaya da ya wuce ba mu zauna ba, mako ne da aka cire daga abin da ya rage wa tsoho.

Ɗan yayata ne ya sa mana Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux. Sunan kansa na nahiyarmu ne, daga harsunan Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu, ma'anarsa tana kusa da abin da muke kira mutuntaka. Wani ɗan ƙasar, Mark Shuttleworth, shi ya kafa aikin, fitowar farko kuma a watan Oktoba 2004 ne. Tsofaffin 'yan kafe na intanet za su tuna lokacin da ake aiko faya-fayanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, kafin a daina a 2011. Ƙashin bayanta kuwa shi ne abin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 ya sake wa duniya. Amma ba tarihi ne ya ja ni ba. Abin da ya ja ni shi ne ranar da yaron ya buɗe mini jerin tsare-tsaren madannai, na ga an rubuta Hausar Ghana daban da Hausar Najeriya, a jere da Akan da Ewe da Ga da Fulatanci. Na daɗe ina kallon layin nan. A ƙasar da har yau akan tambayi ɗan Zongo ainihin garinsu ko da kakansa a nan aka binne shi, wani wanda ban sani ba ya zauna ya ware mana gurbi da sunan ƙasarmu. Daga ranar na daina kwafo ƙ da ɗ da ɓ ɗaya-ɗaya daga wani shafi ina liƙawa.

Yaron ya gama aikinsa ranar Alhamis da dare, ya koma makaranta. Da safe na buɗe, na tarar da shiru. A wurin saitin wayifai an rubuta da Turanci cewa ba a sami na'urar ba.

Na kai ta Adum wurin wani mai gyara, Ba'asante mai fara'a wanda ba ya kira na da komai sai Kramo. Ya juya ta, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Kramo, katin ya mutu. Ko in sauya maka shi, ko in mayar maka da Windows ɗinka, ka huta." Ban zarge shi da mugunta ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma layin masu jiransa ya kai bakin titi. Amma maganarsa biyu ba su zauna tare ba. In kati ya mutu, mayar da tsohuwar manhaja ba zai tashe shi ba. In kuma tsohuwar manhaja za ta tashe shi, to bai mutu ba. Katin da ya yi aiki ranar Alhamis da la'asar bai da dalilin mutuwa kafin asubar Juma'a. Na yi masa godiya na ɗauko abata.

Ga abin da ke faruwa a zahiri, kuma ɗan Zongo ya fi kowa saurin gane shi. A cikin kwamfutar cinya akwai wani ɗan kati, bai fi akwatin ashana ba, da wayoyi biyu sirara da suka bi ta bayan allo. Shi ne kunne da bakin kwamfuta a iska. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar daban, wanda ya ƙera katin daban, kuma kowane kati da harshensa. Babbar manhaja ba ta jin wannan harshe kai tsaye, sai ta hanyar wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba. Ni dai sunan bai gamsar da ni ba, domin ba tuƙi take yi ba, fassara take yi. Tafinta ce.

Mun san wannan tsari tun kafin a haifi lantarki. Bafatake ya taso daga Kano ko Katsina ya bi hanyar Gwanja, ya iso Salaga, ko daga baya Kumasi bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga. Yana da dukiya, yana da wayo, amma ba ya jin Twi, bai san wa za a amince wa ba. Sai ya sauka a wurin mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya tsakaninsa da mai goro yana juya magana, ya kuma tsaya masa in an yi ciniki bashi. Baturiyar nan Polly Hill ta yi rubutu a 1966 kan masu gida da dillalan kasuwar shanu ta Kumasi, ta nuna yadda cinikin dukiya mai yawa yake tafiya a kan wannan amana. Bafataken da ba shi da mai gida zai iya zama a tsakiyar kasuwa, goro na wucewa ta gabansa huhu-huhu, ya kwana bai sayi ko ƙwarya ɗaya ba. Haka Ubuntu ta kwana a kwamfutarmu. Baƙuwa ce da ta sauka a gidan da aka gina don wata, layukan wayifai na unguwa suna ratsa ɗakin, ita kuwa ba mai juya mata magana.

Me ya sa ba ta zo da tafintarta ba? Ga yawancin katuna takan zo da ita, shi ya sa wasu suke sa Linux ba su taɓa jin wannan matsala ba. Kamfanoni da dama sun buɗe harshen katunansu, har suna sa ma'aikatansu su rubuta tafintar a saka ta cikin Linux. Wasu kuwa sun rufe nasu. Sun rubuta tafinta, amma a ƙulle, da sharuɗɗan da suka hana a gauraya ta da manhajar da kowa ke da ikon buɗewa da gyarawa. Irin wannan sai mai kwamfuta ya nema da kansa, ya ce ya yarda, sannan a sauko masa da ita. Katinmu na wannan rukuni ne. Laifin ba na baƙuwa ba ne, kodayake ita ake zagi.

Ranar Asabar yaron ya hau turoturo ya zo. Zan faɗi abin da muka yi dalla-dalla, domin na lura masu sani sukan yi gyaran a gabanka da sauri kamar masu rufa-ido, ka biya, ka tafi ba ka ƙaru da komai ba.

Ya ce, "Kawu, kafin mu nemi tafinta, mu duba ko ƙofa ce kawai aka rufe." Ya danna Ctrl da Alt da T tare, wata baƙar taga ta buɗe, wadda ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta. Mutane suna tsoron tagar nan ba gaira ba dalili. Ya rubuta rfkill list ya danna Enter. Wannan umarni yana nuna duk na'urorin da ke magana ta iska, da ko an toshe su. Toshewa iri biyu ce. In ka ga yes a gaban Soft blocked, manhaja ce ta toshe, kuma rubuta sudo rfkill unblock all yana buɗe ta. Za ta nemi kalmar sirrinka, kuma in yayin da kake bugawa ba ka ga ko ɗigo a allo ba, kada ka damu, ka ci gaba. In kuwa yes ɗin a gaban Hard blocked yake, babu umarnin da zai buɗe, domin makunni ne na zahiri: wani ɗan maɓalli a gefen kwamfutar ko a gabanta, ko madannin Fn haɗe da wanda ke da hoton eriya ko jirgin sama, ko kuma an kashe shi a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kwamfuta ba ta gama tashi ba. Daga baya wani tela maƙwabcinmu ya kawo tasa, ya yi wata guda yana jin haushin Linux, ashe ɗan maɓallin gefe ne ya goce a cikin jaka. Babban yatsa ya gyara ta.

Tamu ba ta zo da sauƙi haka ba. Jerin bai nuna wayifai ba sam, ko a toshe ko a buɗe. Yaron ya ce wannan ma amsa ce. Ya rubuta lspci -nnk, sunayen kayan cikin kwamfutar suka zubo. Ya nuna mini layin da ya fara da Network controller, ga sunan katin, ga lambarsa. Ashe yana nan da ransa, kwamfuta tana ganin sa. A ƙarƙashin sauran kayan akwai layin da ke faɗin tafintar da ke musu aiki, mai farawa da Kernel driver in use, amma a ƙarƙashin katinmu babu. Duk wanda zai nemi taimako a wurin masani, ya ɗauki hoton wannan wuri ya aika masa. Cewa "wayifai ɗina ba ya yi" daidai yake da ka je wurin likita ka ce ba ka da lafiya ka yi shiru.

A nan ne abin dariyar yake, in kana da zuciyar dariya a lokacin. Tafintar tana intanet, kai kuma intanet ɗin kake nema. Makullin ɗaki yana cikin ɗaki. Mai kebul na intanet a gida ya soka a gefen kwamfuta ya wuce wurin, amma gidaje nawa ne a Zongo ke da shi? Mafitarmu wayar hannu ce. Ka haɗa wayar Android da kwamfuta da kebul, ka shiga saitin rabon intanet na wayar, ka kunna USB tethering. Linux tana karɓar wannan a matsayin layin waya ba tare da ta nemi komai ba. Mun soka, wayar ta fara caji, amma wurin kunnawar ya ƙi dannuwa. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Kawu, kebul ɗin nan na Kejetia ne." Da yawa daga cikin kebul masu arha wuta kawai suke ɗauka, babu wayoyin da ke ɗaukar bayani a cikinsu. Muka aika gidan maƙwabta, wata yarinya ta kawo na yayarta, wanda ya zo da wayar tun a kwali. Nan take alamar haɗuwa ta fito a saman allo. Da aron kebul da datar sidi kaɗan baƙuwarmu ta fara jin duniya.

Daga nan ya rubuta sudo apt update don kwamfutar ta san abin da ke rumbun Ubuntu, sannan ya buɗe wata taga mai suna Additional Drivers. Ta yi ɗan bincike, ta kawo sunan katinmu da tafintar da ta dace da shi, tare da bayanin cewa ta kamfani ce, a rufe take. Muka zaɓa, muka ce a sa. A nan ka kula da datarka: kwamfutar za ta yi maka tayin sabunta komai da komai, ka ce mata ta dakata sai wayifai ya dawo.

Saura ƙofa ɗaya, kuma ita ce ta fi kayar da mutane. Kwamfutocin da aka ƙera tun daga wajen 2012 suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin wata manhaja ta shiga zuciyar inji sai da sa hannun da ya sani. Tafintar da aka harhaɗa a kan kwamfutarka ba ta da wannan sa hannu, sai kai ka tsaya mata, kamar yadda mai gida ke tsaya wa baƙonsa. Ana cikin sa ta, kwamfuta za ta ce ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi, haruffa takwas ko fiye. Ka zaɓi mai sauƙi, lambobi ma sun isa, ka rubuta a takarda. In ka sake kunna kwamfutar, wani shuɗin allo zai fito, mai kama da na lalacewa. Yawancin mutane a nan suke firgita su ƙyale shi ya wuce, kwamfuta ta tashi ba wayifai, su ce gyaran bai yi ba. Kada ka bar shi ya wuce. Danna kowane madanni, zaɓi Enroll MOK, ka ci gaba, ka amsa da yes, ka buga kalmar nan, ka sake kunnawa. Akwai masu shiga BIOS su kashe mai gadin gaba ɗaya, kuma hakan yana aiki, amma ni ban ga hikimar korar mai gadi don baƙo ɗaya ya shiga ba alhali ana iya gabatar da shi.

Da ta tashi, sunayen layukan unguwa suka jeru: namu, na mai kemis, na wani da ya sa wa nasa sunan ƙungiyar Asante Kotoko. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, har da jiran kebul.

Tun ranar nake juya wani tunani. Ana kiran Linux manhajar 'yanci, kuma da gaskiyarsu, amma 'yancin yana da iyaka, iyakar kuwa ƙarfe ne. Wanda ya assasa wannan tafiya, Richard Stallman, wanda ya shelanta aikin GNU a 1983, ya sha faɗin cewa abin da ya fara tunzura shi wata firinta ce a cibiyar MIT ta Amurka, wadda aka hana shi ganin rubutun manhajarta don ya gyara. Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, ga mu a Kumasi muna tsaye a bakin irin ƙofar. Mutanen Debian, wadda a kanta aka gina Ubuntu, sun yi shekaru suna ƙin saka rufaffun manhajojin katuna a faifansu na hukuma, saboda aƙida. A 2022 suka kaɗa ƙuri'a suka sassauta, fitowarsu ta 12 a watan Yuni 2023 ta zo da su a ciki. Masu tsauri sun ce an ja da baya. Ni ina tare da masu sassaucin. Tsarkin aƙida yana da sauƙi ga wanda ke da kebul a bango da kuɗin zaɓar katin da ya ga dama. Mu ba mu zaɓi kati ba, abin da kwantena ta kawo shi muka samu.

Abin da ya fi damuna ma ba kamfanonin ba ne. A Suame Magazine, inda 'yan Zongo da yawa suka koyi sana'a, babu injin motar da ba a kwancewa, kuma yaro yana koyo ne da ido, a tsaye kusa da ubangidansa, ana yi masa bayani da harshen da yake ji. Ilimin kwamfuta bai sami wannan gata a wurinmu ba. Duk abin da na zayyana a sama yana nan a rubuce a intanet tun shekaru, amma da Turanci, Turancin ma na masu sana'a, kuma sai kana da intanet za ka karanta. Malamar Islamiyya da ke riƙe da rajistar ɗalibai a tsohuwar kwamfuta, ko dattijon da ke lissafin shagonsa, ba su da hanyar isa gare shi. Muna tura wa juna bidiyon biki da gardamar siyasa dare da rana, da Hausa tsantsa, amma ban taɓa samun saƙon murya na minti biyu da ke bayanin shuɗin allon nan ba. Alhaji Umaru na Kete Karachi, wanda ya rasu a 1934, bai raina rubuta littafi kan yadda ake tsara wasiƙa ba, domin ya ga mutanensa fatake suna bukata. Yaranmu na Tek su duba wannan.

Ga mai niyyar sauyawa kuwa, filashin da ake sa Ubuntu da shi yana ba da damar a gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. A gwada wayifai a nan tukuna. In ya yi, madalla. In bai yi ba, a tanadi waya da kebul na ƙwarai kafin a fara, a kuma sa alama a wurin da mai sakawa ke tambaya ko a haɗa da manhajojin wasu kamfanoni na wayifai da hoto. A kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri kafin komai. Wani lokaci bayan babban sabuntawa wayifai yakan sake ɓacewa, hanyar dawo da shi ita ce dai wadda aka bi da farko. In duk ta ƙi, akwai 'yan ƙananan na'urorin wayifai da ake sokawa a gefe, amma a je shago da kwamfutar a gwada a gaban mai sayarwa, domin su ma wasunsu da nasu ƙullin.

Daren Lahadi muka koma kan adaka. Takardar da ke sama wasiƙa ce daga Kano, hannun babban wan mahaifina, zuwa ga kakanmu, 'yan watanni bayan tafiyarsu. Ɗansa ne ya karanta, muryarsa tana yankewa tana dawowa. Gaisuwa, labarin hanya, yadda suka sayar da keken ɗinki a kan iyaka, tambayar lafiyar mahaifiyarsu. Sai ya zo layin ƙarshe ya karanta, "In ƙura ta lafa za mu komo."

Baffa ya ɗaga hannu. "Sake karantawa, ɗana."

Ya sake. Baffa ya ce, "Ba ƙura ba ce. Kora ce. In kora ta lafa."

Na ƙara girman hoton har kalmar ta cika allo. A ajami wasali ɗaya ne ke ɗaukar o da u, kuma tsofaffi ba kullum suke bambanta k da ƙ ba, kowa da yadda malaminsa ya koya masa. Haruffan da ke gabanmu sun yarda da karatu biyun. Na Kano ya ce mahaifinsa mutum ne mai sakaya zance, ba zai rubuta kora ƙarara a takardar da za ta ratsa iyakoki uku a hannun direban goro ba. Baffa ya ce ya san wansa tun suna kwana a tabarma ɗaya, bai taɓa sakaya komai ba, shi ya sa ma bai iya zama ya lallaɓa kamar sauran ba. Suka yi ta yi, ɗa yana kare uban da ya sani a tsufa, ƙane yana kare wan da ya sani a ƙuruciya. Yatsana yana kan madannin ƙ, ban danna ba. Daga ƙarshe na rubuta duka biyun, ɗaya a kan ɗaya, da sunan wanda ya faɗi kowanne. Baffa ya ce a ɗauko ta gaba, wadda ke da tabon man ja a kusurwa, ya ce yana jin ta mai shanun nan ce na Yendi da ya riƙe wa kakanmu kuɗi shekara bakwai.